Babi na Shida: Inda Sabis Yake Maƙalewa

A hutun babbar sallar da ta wuce na yi kwana biyu a Kaikai, cikin ƙaramar hukumar Kusada, a gidan ƙanwata. Ɗanta na fari yana jami'a, ya dawo hutu da aiki a wuyansa: saura kwana uku a rufe rajistar zangon karatu, kuma ta intanet kaɗai ake yin ta. Bayan la'asar na same shi a ɗakinsa, ya tasa laftof a gaba ya zuba tagumi.

"Kawu, kwamfutar nan ta gama yawo," in ji shi. "Tun hantsi shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Gobe zan shiga Kankia a duba min ita, in ba a dace ba sai Kano."

Na leƙa ƙasan allon ta hannun dama, inda 'yar alamar waifai take. A cike take maƙil. Na tambaye shi ina wayar da ya kunna wa hotsifot. Ya ɗaga filo, ga ta kwance a kan katifa a ƙasa, an jona mata caja, ta jingina da bango, taku ɗaya tsakaninta da randar ruwa. Ɗakin ginin ƙasa ne mai kaurin bango, rufinsa kwano. Na ce ya ɗauki wayar ya ɗora ta a bakin tagar sama, wadda ke kallon fili. Kafin ya koma mazauninsa shafin ya buɗe. Ya dube ni kamar na yi tsatsuba. Kuɗin mota, ladan mai gyara da yini guda duk sun tsira, kwamfutar kuwa ba ta yi laifin komai ba.

Maƙera sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Yawancin masu kukan raunin sigina a laftof suna bugu ne inda ƙarfen bai yi ja ba.

Zango biyu ne

A manyan ofisoshin Abuja ko Legas, intanet ta kebul take shiga gini, a jona ta da rauta, rautar ta watsa ta a ɗakuna. Shawarwarin da ake rubutawa a ƙasashen waje galibi irin wannan gini suke nufi, shi ya sa suke ta magana a kan rauta. A Kaikai da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye da Kankia, ba a nan gizo ke saƙa ba. Babu kebul ɗin da ke kawo intanet cikin gida. Tun da wayar GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, ta iska saƙo yake zuwa, kuma kafin ya isa laftof sai ya ci zango biyu.

Zango na farko daga turken kamfanin waya ne zuwa wayarka, ko zuwa 'yar na'urar maifai da ka sa wa layi. Wannan shi ne sabis, kuma tafiyarsa kan kai kilomitoci. Zango na biyu daga wayar ne zuwa laftof. Wannan shi ne waifai, tafiyarsa 'yan mitoci ce. Alamar da ke ƙasan allon laftof labarin zango na biyu kaɗai take ba ka. Idan ta cika, ma'anarta hanya a share take daga zaure zuwa randa, amma ba ta ce ɗan garuwa ya zo ba.

Gwajin gane inda matsalar take ba ya cin minti biyar. Buɗe shafin da ya gagara a kan wayar kanta. In ita ma ta kasa, ciwon yana zango na farko, ka ƙyale laftof. In wayar ta buɗe shi sumul amma laftof ya kasa, ka ari wayar wani ka jona ta da hotsifot ɗin, ka ajiye ta gefen laftof. Idan wayar aro ta ga waifai a cike, laftof kuwa yana nuna rabi, to yanzu ne ya dace a zargi kwamfuta.

Abokan gabar sigina uku

Sabis da waifai duk igiyoyin rediyo ne, dangin waɗanda ke kawo mana labaran safe, sai dai nasu gajeru ne. Waifai yana tafiya a mita biyu da aka fi sani, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Tsawon igiya ɗaya a ta farko santimita 12.5 ne, a ta biyu kimanin santimita 6. Sabis na 4G a Najeriya yana amfani da mitoci irin su megahaz 800, 1800 da 2600. Ƙa'idar da ta haɗa su ɗaya ce: igiya mai tsawo ta fi nisan zango kuma ta fi iya ratsa bango, gajeriya ta fi ɗaukar kaya amma da wuri take gajiya.

Abokin gaba na farko nisa ne. A fili fetal, in ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin da zai iso gare ka kashi ɗaya ne cikin huɗu. In ka ninka ta sau goma, kashi ɗaya ne cikin ɗari. Saboda haka siginar da ta taso daga turke mai nisan kilomitoci, kafin ta iso ƙofar gida ta riga ta galabaita, abu kaɗan zai ƙarasa ta.

Na biyu ƙarfe. Igiyar rediyo ba ta ratsa kwanon rufi, ƙofar ƙarfe ko tagar ƙarfe da aka rufe. Tana dukansu ne ta koma. Ɗakin da aka yi wa rufin kankare da rodi shi ma haka. Shagon kwantena da masu cajin waya da masu POS ke zama a ciki ya fi kowanne muni, domin akwati ne na ƙarfe ta kowace fuska. Shi ya sa za ka ga mai POS ya fito da na'urarsa waje ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Bai karanta kimiyya ba, amma ya yi daidai.

Na uku ruwa, kuma shi aka fi mantawa da shi. Ruwa yana shanye waɗannan igiyoyi. Randa, tulu, duro da tankin ruwa duk shingaye ne. Jikin mutum ma fiye da rabinsa ruwa ne, don haka wayar da ke aljihu ko aka danƙe a tafin hannu ta yi asarar wani kaso. Bangon ƙasa da ya sha danshin damina ya fi tare sigina fiye da yadda yake yi da rani, haka ma darbejiya da mangwaro idan ganyensu ya cika ya jiƙe. Wanda ya ce sabis ɗin ɗakinsa ya fi kyau da rani ba ƙarya yake ba.

Gyaran zango na farko

Sandunan da ke saman allon waya ba ma'auni ba ne na gaskiya, kowane kamfanin ƙera waya da yadda yake zana nasa. Akwai lamba da ta fi su faɗin gaskiya. A wayar Android, shiga Settings, sannan About phone, sannan SIM status, za ka ga ƙarfin sigina da alamar ragi a gabansa da haruffan dBm a bayansa. A 4G, -80 sabis ne mai kyau ƙwarai, -95 za a yi aiki ba damuwa, -105 an fara jan ƙafa, -115 kuwa ana bakin gaɓa. Abin lura shi ne kowane bambancin 10 ninki goma ne, kowane 3 ninki biyu. Wanda ya matsar da wayarsa daga inda take nuna -108 zuwa inda take nuna -98 ya ninka ƙarfin da take samu sau goma, bai kashe ko kwabo ba.

Ka ware rabin sa'a ka zagaye gida da wayar. Tsaya a kowace taga, a zaure, a tsakar gida, a kan katanga, a bayan rumbu, ka ba ta kamar rabin minti lambar ta zauna, ka rubuta. Kusan kowane gida yana da wuri ɗaya da ya fi ko'ina, kuma sau da yawa yana sama ne, ta ɓangaren da ke fuskantar turke. Ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu masu tsawo ke tare hanya ba, gine-gine ne da itatuwa. Don haka ɗaga waya da mita ɗaya ko biyu yakan kawo canjin da za ka gani da idonka. In ka sami wurin, kafa ƙusa ka rataya 'yar jakar yadi ko ta roba, ta zama mazaunin wayar ko maifai. Kada ka sa ta a gwangwani ko tukunyar ƙarfe.

Sai dai a kiyayi rana. Wayar da ke aikin hotsifot dama tana ɗaukar zafi, in aka haɗa mata da caji da ranar bazara, za ta rage gudu da kanta don kare kanta, batirinta kuma na iya kumbura. Inuwa mai iska take so.

Bayan wuri sai layi. Kamfanonin waya ba a turke ɗaya duk suke ba, kuma ba mita ɗaya suke amfani da ita ba. Layin da ya fi ƙarfi a bakin titin Kankia, kan hanyar Kano zuwa Katsina, ba lallai ne shi ya fi a unguwarku ba. Kafin ka sayi data mai yawa, ari layukan 'yan gida ka gwada kowanne a wannan wuri da ka gano. A duba kuma ko wayar tana tsalle tsakanin 4G da 3G ko 2G. Wasu wayoyin suna ba da damar a tsayar da su a 4G kaɗai, abin da kan hana yankewar aiki, amma a wasu layukan kira ba zai shigo ba sai an mayar da saitin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa maifai ta fi waya daɗin aiki: ba mai kiranta ya katse maka tura takarda.

Akwai kuma lokaci. Turke ɗaya jama'a da yawa ke rabawa. Daga bayan magariba zuwa sha ɗayan dare kowa ya dawo daga gona ko kasuwa ya buɗe Facebook, TikTok da WhatsApp, sai ka ga sanduna a cike amma shafi yana tafiyar hawainiya. Ranar kasuwa ma haka. Wannan cunkoso ne, canjin taga ba ya maganinsa. Aiki mai nauyi, irin sauke littafi ko tura fayil, a bar shi sai bayan sallar asuba.

In duk an yi wannan lambar ba ta tashi daga -110 ba, lokacin kashe kuɗi ya yi. Wasu rautoci masu ɗaukar layi suna da ramukan jona eriyar waje. Manya za su tuna eriyar talabijin mai kama da ƙashin kifi da ake ɗaurawa a kan doguwar gora, yaro yana juyawa ana yi masa ihu daga ɗaki, "ya yi, tsaya haka!" Masana biyu ne a Japan, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro ta a 1926, kuma ana yin irinta don sabis na 4G. Tana tattaro sigina daga fuska ɗaya, don haka sai an saita ta ta kalli turke. Kebul ɗinta ya zama gajere, domin kowace mita tana cin wani abu daga abin da aka tattaro. Dabarar da ta fi ita ce a ɗora rautar kanta a sama kusa da eriya, a cikin rufaffen akwatin roba, a saukar da intanet zuwa ɗaki ta kebul ɗin netwok, wanda ke iya kai mita 100 ba tare da asara ba.

Game da na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake kira busta, a yi hattara. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sha gargaɗin cewa kamfanoni masu lasisi kaɗai ke da izinin kafa ta. Mara inganci tana iya gyara maka ɗaki ta lalata wa unguwa sabis.

Gyaran zango na biyu

Yanzu ga laftof kansa. Mutane da yawa ba su san inda eriyarsa take ba. A galibin laftof tana cikin murfi ne, a gefen allo ta sama. Wasu siraran wayoyi biyu, yawanci baƙa da fara, suna saukowa daga nan, su bi ta gaɓar da murfin ke buɗewa da rufewa, su maƙale a jikin wani ɗan kati da ke ƙarƙashin madannai. Saboda haka buɗe murfin a tsaye, da juya kwamfutar ta yadda jikinka bai shiga tsakaninta da wayar ba, yana taimakawa. Teburin ƙarfe kuwa yana ragewa.

Waɗannan wayoyi biyu su ne sirrin laftof da yawa na hannu da ake sarowa daga kasuwannin Kano. Na taɓa kai nawa aka canza masa allo, ya dawo ba ya ganin waifai sai na manna shi da wayar. Da aka sake buɗewa, ashe waya ɗaya ce mai gyaran ya manta bai mayar ba. Alamar wannan ciwo a bayyane take: a nan kusa yana kamawa, taku biyar ya saki, alhali wayoyin mutane suna kamawa daga nesa. Gyaran bai fi minti goma ba ga wanda ya san aikinsa. In za ka sayi laftof na hannu, kunna hotsifot ka ba wani wayar ya yi nisan taku ashirin, ka ga abin da alamar za ta nuna kafin ka biya.

Abu na gaba zaɓin mita. A saitin hotsifot na yawancin wayoyin yanzu ana iya zaɓar 2.4 ko 5. Idan wayar tana rataye a taga kai kana cikin ɗaki da bango a tsakani, zaɓi 2.4. Idan tana kan tebur ɗaya da laftof, 5 ta fi sauri. Tsofaffin laftof da dama ba sa ma ganin 5, sai mai shi ya ɗauka waifai ɗinsa ya lalace. Shawarar canza tasha zuwa 1, 6 ko 11 da ake yawan bayarwa tana da amfani a ɗakunan kwanan ɗalibai a Katsina ko Zariya, inda hotsifot talatin ke ihu a gini ɗaya. A ƙauye, inda iska ba ta cika ba, ba ta cika canza komai ba. Abin da kan kawo cikas a nan shi ne Bluetooth, da ke tafiya a 2.4 shi ma. Kashe shi idan ba a bukatarsa.

Sai maganar wuta. Inda lantarki ba ya zama, laftof a kan batir yake yini, Windows kuwa idan ta ga an cire caja takan rage wa katin waifai ƙarfi don tattali. A Control Panel, cikin Power Options, akwai saitin Wireless Adapter Settings a kwamfutoci da yawa. Mayar da shi Maximum Performance. A Device Manager kuma, ƙarƙashin katin waifai, cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi don adana wuta. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma yawan yankewa zai ragu. Wanda ke son ganin lamba ya buɗe Command Prompt ya rubuta netsh wlan show interfaces, zai ga ƙarfin waifai a kashi cikin ɗari. Daga 70 zuwa sama babu abin damuwa.

In katin ya tsufa ko ya mutu, ba sai an canza kwamfuta ba. Ana sayar da ɗan katin waifai na USB, wani da 'yar eriyarsa. Haɗa shi da kebul ɗin ƙarin tsawo ka rataye shi sama. Kebul ɗin USB na yau da kullum kada ya wuce mita 5.

Mafi sauƙin magani ma shi ne a soke zango na biyu gaba ɗaya. Jona wayar da laftof da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering a wayar. Babu waifai, babu bango, babu maƙwabcin da zai laɓe ya sha maka data, kuma wayar tana caji tana aiki. In teburinka yana kusa da tagar da ta fi sabis, babu abin da ya fi wannan.

Ɓarayin cikin gida

Wani lokaci zangunan biyu duk lafiya lau suke, ruwan ne ake sha ta bayan fage. Da zarar laftof ya ga waifai, Windows takan fara sauke sabunta kanta, wanda kan kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci gigabait. A saitin waifai ɗin da ka jona, kunna Metered connection, za ta san cewa datar ta kuɗi ce ta dakata. Ka kuma duba yawan na'urorin da ke kan hotsifot ɗinka. Lambar sirrin da ka ba ƙaninka jiya, yau tana hannun abokansa huɗu a dakalin ƙofar gida.

Manhajojin da ke alkawarin ninka sigina kuwa, a bar su inda aka gan su. Manhaja ba ta iya ƙara wa eriya tsawo ko ta matso da turke. Talla za su cika maka allo da ita, su ci datar da kake tattali. Haka 'yar takardar da ake mannawa a bayan waya.

Inda dabara ta tsaya

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai laftof. Idan turke ya rasa wuta, ko aka yanke kebul ɗin da ke ciyar da shi, ko kuma yankin bai da turke kusa, duk tagar da ka hau a banza ne. Tun watan Janairun 2023 Starlink ta fara aiki a Najeriya, tana kawo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, amma kuɗin na'urarta da na wata-wata da wutar da take ci sun fi ƙarfin ɗalibi ko malamin firamare shi kaɗai. Makaranta, asibiti ko ƙungiyar ci gaban gari su ne za su iya haɗa hannu su ɗauke ta.

Kafin nan akwai haƙƙin da ba a cika nema ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, don kai sadarwa yankunan karkara da kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsu. NCC kuma tana da lambar kyauta, 622, ga wanda ya kai kuka kamfaninsa ba a share masa hawaye ba. Kukan mutum ɗaya kan ɓace, amma takardar da dagaci, shugabannin makarantu da 'yan kasuwa suka sa wa hannu, aka kai wa ɗan majalisar da ke wakiltar Kankia, Ingawa da Kusada, ta fi wuyar mantawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, neman aiki da neman gurbin karatu duk sun koma intanet. Yaron Kaikai da na Kano tambayoyi iri ɗaya za a yi musu, bai kamata ɗaya ya shirya a kan katanga ba.

Ɗan ƙanwata ya gama rajistarsa a daren nan. Washegari na ga ya kafa ƙusa a saman tagar, ya rataya tsohuwar safa, wayar na ciki. Mai karatu, kafin ka kai kwamfutarka wurin gyara ko ka sayi wata na'ura, yi gwajin minti biyar ɗin nan, ka zagaye gidanka da wayarka, ka rubuta lambobin. In wuri ya yi magani, kuɗinka ya huta a aljihu. In bai yi ba, ka san abin da za ka saya da dalilin sayensa.